Haihuwa ce ta cika Legas, ko zuwa?

Abban Sadik, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu karatu a cikinmu, kuma don Allah a amsa mini da hujja, ban da zagi. Duk sanda aka tashi maganar cunkoson Legas, ko a rediyo ko a cikin danfo, sai ka ji an ce mutane sun yi yawa. In ka bi zancen a hankali kuma sai ya sauka a kanmu 'yan Arewa, wai mu ne masu haihuwa ba lissafi. To ga abin da ya ɗaure mini kai. Kakata ta wajen uwa ta haifi goma sha ɗaya. Mahaifiyata takwas. Maiɗakina huɗu, kuma ta ce ta huta. Haka yake a yawancin gidajen da na sani. Ta yaya haihuwa ke raguwa amma mutane na ƙaruwa?

Hajiya Inna, Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗana, cikin goma sha ɗayan nan na kakarka, nawa ne suka girma har aka ɗaura musu aure?

Abban Sadik, Agege:
Huɗu ne, Inna. Mahaifiyata da yayyenta biyu da autarsu.

Hajiya Inna, Obalende:
Su kuma takwas ɗin mahaifiyarka fa?

Abban Sadik, Agege:
Mu bakwai ne a raye, alhamdu lillahi.

Hajiya Inna, Obalende:
To ka ga amsarka a hannunka. Ku yaran yanzu ba ku san ƙyanda ba. Ni na tashi a ƙauye a ƙasar Zazzau, idan bazara ta shigo ƙyanda ta sauka a unguwa, wallahi sai a fitar da yara uku huɗu a mako guda. Ga tarin shiƙa, ga sanƙarau in zafi ya tsananta, ga gudawa da damina. Su iyayenmu kuma agana suka gani, masu zanen ta a fuska ba sa ƙirguwa. Mace ta yi ta haihuwa suna komawa, a ce mata mai wabi. Ina kuke zaton aka samo sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani? Jariri ne ake kai wa juji a ajiye a ɗauko, wai ko ya zauna. Ba a ƙirga wa mace 'ya'ya a wancan lokacin sai sun wuce ƙyanda. Yau jikokina goma sha huɗu, ba wanda ya koma, sai godiyar Allah.

Malam Tica, Ojo:
Allah ya ƙara girma Inna, kin gama darasin kafin in buɗe baki. Bari in ɗora da alƙaluma kawai.

Abban Sadik, yawan jama'a abu uku ne ke juya shi, ba na huɗu: waɗanda aka haifa, waɗanda suka rasu, da waɗanda suka shigo ko suka fita. Mutane suna kallon na farkon kaɗai, alhali na biyun ne ya canza duniya. Tun da aka halicci ɗan Adam, yawan mutanen duniya bai kai biliyan ɗaya ba sai wajen shekarar 1804. Biliyan biyu sai 1927, wato an ɗauki fiye da shekara 120. Daga nan abin ya zabura: biliyan uku a 1960, huɗu a 1974, biyar a 1987, shida a 1999, bakwai a 2011, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 15 ga Nuwamba 2022 a matsayin ranar da muka cika biliyan takwas. Shin matan ƙarni na ashirin sun fi na zamanin Shehu Usmanu haihuwa ne? Ko kusa. Mutuwar yara ce ta ragu. Rigakafi, ruwa mai tsafta, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ruwan gishiri da sukari. Aganar da Inna ta ambata, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya.

Sai abinci. A 1798 wani Baturen Ingila, Malthus, ya yi hasashen cewa mutane za su riƙa ƙaruwa fiye da abinci har yunwa ta rage su. Bai san za a zo a ƙirƙiro takin zamani daga iska ba, abin da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka yi a farkon ƙarni na ashirin. Buhun yuriya da manomi ke rububi a Dawanau ko Funtuwa jikan wannan binciken ne.

Anti Nas, Idi-Araba:
Malam Tica ka bar mini na Najeriya. Akwai babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi gida-gida duk bayan 'yan shekaru. Na 2003 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 201 ba sa kai shekara biyar. Na 2018 ya ce 132. Na baya-bayan nan, na 2023 zuwa 2024, ya ce 110. Har yanzu abin kunya ne, yaro ɗaya cikin tara ke nan, amma ka ga inda aka fito. Ita kuma haihuwa, a 1990 matsakaicin abin da mace ke haifa 6.0 ne, a 2018 ya koma 5.3, yanzu 4.8. Dukansu sauka suke yi, sai dai mutuwa ta riga haihuwa sauka, kuma ta fi ta sauri. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce mutanen da kake gani a Oshodi.

Abban Sadik, Agege:
Na fahimta Anti. Amma in haihuwar na sauka, yaushe ƙaruwar za ta tsaya?

Malam Tica, Ojo:
Ba nan kusa ba. Ɗauki gidanku. Kakarka mace ɗaya, ta bar huɗu. Ku bakwai ne a ɗakin mahaifiyarka. In kowannenku ya tsaya a huɗu kamar kai, ashirin da takwas ke nan. Kowa ya rage, amma masu haihuwar ne suka yi yawa. Haka ƙasar take. Kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba. Iyayen gobe an riga an haife su, suna firamare, suna allo, suna talla. Ko yau kowace mace ta koma biyu, sai an yi shekaru masu yawa ana ƙaruwa kafin abin ya daidaita. Shi ya sa hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ke cewa za mu haura miliyan 350 a 2050, daga sama da miliyan 220 da ake ƙiyasta mu yanzu.

Ɗan Zamfara, Alaba Rago:
Ni duk wannan lissafin bai shafe ni ba Malam. Ni ba a Legas aka haife ni ba, kuma ba don ina son ta na zo ba. Gonarmu tana nan a yankin Zurmi, ta ishe mu ci har mu sayar. Da 'yan bindiga suka fara sa mana haraji kafin mu yi shuka, sannan wani kafin mu girbe, sannan suka ɗauke ƙanena muka sayar da shanu muka karɓo shi, sai mahaifina ya ce wanda ke da ƙafa ya tafi. Motar shanu na hau, a saman katako, har Legas. A ɗakin da nake kwana mu tara ne, kuma ba a kwana lokaci guda, masu gadi su kwanta da rana mu mu kwanta da dare. Cikin mu tara ba wanda ya haifi ko ɗa ɗaya a garin nan. Iyalan masu iyali suna gida ko suna Gusau a gidan 'yan'uwa. To in an ce mun cika Legas gaskiya ne, amma ba da haihuwa ba. A ba mu zaman lafiya a ga ko za mu kwana.

Mai Shayi, Apapa:
Wallahi ka faɗi gaskiya ɗan'uwa. Teburina da asuba kamar taron ECOWAS, ga ɗan Maraɗi, ga ɗan Damagaram, ga na Gwoza, ga na Cadi.

Malam Tica, Ojo:
Ɗan Zamfara, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Maganarka ita ce ƙafa ta uku da na ambata, kuma ga Legas ita ce babba. A 1960 garin nan bai cika mutum miliyan ɗaya ba. Kuma abin da masu zagin ba sa faɗa shi ne, a wancan binciken na 2018 Legas ce jihar da ta fi kowace ƙarancin haihuwa a Najeriya, 3.4, yayin da Katsina ke da 7.3. Ke nan garin da ya fi ko'ina kumbura shi ne ya fi ko'ina ƙarancin haihuwa. Zuwa ne. Kuma ba mu kaɗai ke zuwa ba, a leƙa Alaba da Ladipo a ga Inyamurai, a leƙa Makoko a ga Egun, ga Yarabawan Oyo da Ekiti da Kwara da su ma baƙi ne a nan. An mayar da babban birni Abuja tun Disamban 1991 ana zaton Legas za ta numfasa, ba ta numfasa ba, saboda tashar jiragen ruwa da bankuna da masana'antu ba su bi gwamnati ba. Kuma ita ce jihar da ta fi kowace ƙanƙantar ƙasa, wani sashen ma ruwa ne.

Mu kuma ba jiya muka zo ba. Fataucin goro ya zaunar da Hausawa a Agege tun zamanin Turawa, jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano tun wajen 1912. Abin da ya canza shi ne da can neman riba ke kawo mutum, ya yi ci-rani ya koma da damina. Yanzu tura shi ake yi: farin 1973 da na 1984, janyewar Tafkin Cadi, Boko Haram tun 2009, sai kuma 'yan bindiga.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Na karanta duka. Ni dai ban ga abin kuka ba. Tun ina saurayi nake kasuwar nan. Kowace safiya ta Allah motoci na sauke kwandunan tumatir daga Kadawa da Danja, albasa daga Aliero, tattasai, attaruhu, kafin azahar an share. Wa ke saye? Mutane. Ranar da mutane suka ragu ni da Mai Shayi mun tashi daga aiki. Ku tuna farkon 2021 da 'yan ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi suka tsayar da lodi zuwa Kudu, kwana nawa aka yi kafin tumatir ya gagari masu miya? Su suna da baki, mu muna da gona, kowa na cin arzikin yawan ɗan'uwansa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni 'ya'yana goma sha bakwai, mata uku, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Kuma Malam Tica ka faɗa musu labarin Chaina mana. Ba su ne suka ce ɗa ɗaya tak ba? Yanzu ina suke?

Malam Tica, Ojo:
Ranka ya daɗe Alhaji, nan kam ka kama ƙasa. Chaina ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980, ta soke ta a ƙarshen 2015, ta ce biyu, a 2021 ta ce uku, mutane suka ƙi. A 2022 yawansu ya ragu a karon farko tun 1961, a 2023 Indiya ta wuce su. Koriya ta Kudu ta fi muni, a 2023 matsakaicin haihuwarsu 0.72 ne, alhali sai an kai 2.1 kafin al'umma ta maye gurbin kanta. Japan tsofaffi sun yi mata yawa, ana rufe makarantu a ƙauyuka saboda babu yara. Babu mai hankalin da zai so mana wannan.

Amma Alhaji, tsakanin 0.72 da 7.3 akwai fili mai faɗi. Kuma abin da ya ɗaga Chaina da Koriya ba yawan kai ba ne kawai, sun sa yaran a makaranta suka koya musu sana'a. Mu kuwa UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu namu ne. Kai kana da rumfa da motoci, goma sha bakwai ba su fi ƙarfinka ba. Yaron da ke ɗauke maka kwando a ka yana da shekara goma sha biyu fa, ɗan wa ne?

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Wannan laifin gwamnati ne, ba laifin haihuwa ba. Ƙasa mai man fetur.

Maman Hanifa, Ijora:
Salamu alaikum. Tun ɗazu maza ke ta lissafi, goma sha bakwai, miliyan kaza, kamar daga bishiya ake tsinko yaran. Baba Alhaji, da girmanka, ka tambayi su Hajiya ukun nan yaya jikinsu?

Ni ɗaki ɗaya muke da shi da 'yar baranda. Gidan ɗakuna ne a jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, famfo babu, sai mai ruwa ya turo kura mu sayi jarka. Da daddare in na shimfiɗa wa yara uku tabarma, ƙafar babban tana taɓa ƙofa, risho da bokitai sai a ɗora kan akwati. Maigida yana gadi. Da muka je neman ɗaki biyu, mai gidan ya dube mu ya ce yara nawa, kafin ma ya faɗi kuɗi. Ga kuɗin ejan, wato dillali, ga na agiriman, wato takardar yarjejeniyar haya, ga shekara guda a dunƙule. A ƙauyenmu yaro ɗan shekara bakwai yana kiwon awaki, yana kai abinci gona, in an ƙaru a ja ɗaki da ƙasa da kara a bayan gida. A Ijora yaro ɗan shekara bakwai kuɗin makaranta ne da kuɗin mota da na burodi. Ba wanda ya yi mini wa'azi, ba Bature ba likita. Ɗakin ne ya yi mini.

Anti Nas, Idi-Araba:
Maman Hanifa Allah ya biya ki. Abin da kika faɗa shi binciken ya gani: a 2018 matan birni 4.5, na karkara 5.9. Amma wanda ya fi wannan ƙarfi karatu ne. Macen da ba ta yi boko ba 6.7, wadda ta wuce sakandare 3.4. Ba wai a makaranta ake hana su ba. Yarinyar da aka aurar tana sha biyar da wadda aka aurar tana ashirin da biyu, ta farkon ta riga ta da haihuwa biyu ko uku kafin ma a fara. Sannan mai karatun ta fi kai yaro rigakafi, ta fi gane zazzaɓin da ba a jira da shi, yaranta sun fi rayuwa, ita kuma wadda ta tabbata nata za su rayu ba ta haifar na ajiya.

Abin da ke ci mini rai a wurin aiki ba yawan ba ne, jerawar ce. Mace ta zo awo da ciki wata biyar, ga na goye bai yi shekara ba, ga wani riƙe da zani. Ka ja fatar idonta ka ga fari fat, ba jini. Na goyen an cire shi daga nono ba shiri, ƙafa ta fara kumbura, gashi ya yi ja. In an ce ta huta sai ta ce sai ta tambayi maigida, maigida kuma ba ya zuwa asibiti.

Hajiya Inna, Obalende:
A zamaninmu wannan abin kunya ne. Kwanika ake ce masa, har habaici ake yi wa mace a gidan biki. In kin haihu gida za ki tafi wankan jego, wata ma ta daɗe can, kuma ba a yaye sai yaro ya kusa shekara biyu. Tsofaffi na sa ido. Yanzu kuna Legas daga ke sai miji a ɗaki ɗaya, wa zai sa ido? Mu ma muna da tazararmu tun kafin a zo da allura.

Abu Ammar, Mushin:
Ni fa duk inda na ji ana lallaɓa maganar nan jikina ba ya ba ni. Me ya sa Turawa ke kashe maƙudan kuɗi a kan maganin hana haihuwa a ƙasashenmu, amma in ka je asibiti da maciji ya sare ka babu magani? Su suna biyan matansu su haihu, mu suna biya mu daina. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mu auri masu soyayya masu haihuwa domin zai yi alfahari da yawanmu. Allah kuma ya ce kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci. Magana ta ƙare.

Ustaz, Agege:
Bismillah. Abu Ammar, hadisin da ka kawo ingantacce ne, ayar kuma tana cikin Suratul Isra'i. Amma ba a yanke hukunci da nassi ɗaya a bar sauran. Ayar tana magana ne a kan kashe ɗan da ya samu, kamar yadda Larabawan jahiliyya ke yi. Hana ciki shiga wani babi ne daban, kuma malamai sun tattauna shi tun da daɗewa a ƙarƙashin azalu, wato miji ya zubar da maniyyinsa a waje don kada ciki ya shiga. Jabir, Allah ya yarda da shi, ya ce suna yin azalu alhali Alƙur'ani na sauka, yana cikin Bukhari da Muslim. Suratul Baƙara kuma ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika ta, wanda shi ne abin da Inna ke faɗa. Sannan akwai hadisin da ke cewa wani zamani zai zo muna da yawa amma kamar kumfar da ambaliya ke ɗauka. Ke nan yawan da ake alfahari da shi yana da sharaɗi.

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 a kan wannan mas'ala. Abin da ta tsayar: bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata adadin 'ya'ya ba, bai halatta a kashe mahaifa gaba ɗaya ba sai da larura, amma ya halatta miji da mata su yi shawara su ba da tazara na wani lokaci in akwai buƙata, matuƙar ba cutarwa kuma ba zubar da ciki ba ne. Don haka irin na Chaina haramun ne a wurinmu. Irin na Maman Hanifa kuwa ban ga mai hana ta ba.

Abin da ni ke damuna a matsayin mai karantarwa shi ne uban da zai kawo yaro ɗan shekara shida ya ajiye, ba kwano ba sabulu, ya yi shekara bai leƙo ba. Ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kan uba, ba a kan unguwa ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya taɓo wannan a 2017, kan masu ƙara aure ba su da halin riƙewa, aka yi masa ca. Wallahu a'alam.

Abu Ammar, Mushin:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi fiƙihun. Amma ba ka amsa mini maganar Turawa ba.

Malam Tica, Ojo:
Ni bari in amsa. Cewa manyan ƙasashe suna da manufarsu, wannan ba a musu. Kuma mutanenmu suna da dalilin zargi, abin da ya faru a Kano lokacin sanƙarau na 1996 da gwajin magani a kan yara har kotu aka je. Amma ka duba Iran. Akwai ƙasar da ta fi ta gaba da Amurka? A tsakiyar shekarun 1980 macen Iran tana haifar sama da shida. Gwamnatin malamai da kanta ta buɗe shirin tazarar haihuwa a 1989, ta kai ɗakunan shan magani ƙauyuka, ta cika makarantu da 'yan mata, kafin shekarar 2000 ta wuce da kaɗan sun dawo wajen biyu. Bangladesh, ƙasar Musulmi matalauta, daga kusan bakwai a farkon shekarun 1970 zuwa wajen biyu yau. Mu kuma a 1988 gwamnatin Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, ta fito da manufar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Wa ya bi? Takarda ce kawai. A 2018 matan aure 12 cikin 100 ne kacal ke amfani da hanyoyin zamani. In makirci ne to bai ci ba. Inda haihuwa ta sauka a ƙasar nan, makaranta da asibiti da kuɗin haya ne suka saukar da ita.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Iran ɗin ai yanzu roƙon mutane take su haihu. Ka faɗi wannan ma.

Malam Tica, Ojo:
Haka ne Alhaji, sun juya tun wajen 2012. Saukar da ita ya fi tayar da ita sauƙi, kowa ya gwada ya gani.

Maman Hanifa, Ijora:
To su roƙa. In suna so in ƙara, su ba ni ɗaki biyu da famfo.

Mai Shayi, Apapa:
Hhhh Maman Hanifa ta kashe baki. Amma Malam Tica ina da tambaya. Duk miliyoyin nan da kake ta zubowa, wa ya ƙirga? Ni dai tun da nake ba wanda ya taɓa shafa mini tawada a yatsa sai sau ɗaya, ina yaro a Illela.

Malam Tica, Ojo:
Ta 2006 ke nan, zamanin Obasanjo, kuma ita ce ta ƙarshe. Ta ba da miliyan 140. Duk abin da ka ji bayan nan ƙiyasi ne. An shirya yi a 2023, Buhari ya ɗage ana saura 'yan kwanaki. Kuma ƙidaya a ƙasar nan ba ta taɓa wucewa lami lafiya ba: ta 1962 aka soke, aka sake a 1963 aka samu miliyan 55.6 aka yi ta rigima, ta 1973 Murtala ya soke ta da ya hau, ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89. A 2006 aka ce Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta Tinubu ta ce ba ta yarda ba, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Dalilin faɗan a fili yake, da yawan jama'a ake raba kuɗin tarayya da kujerun majalisa. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Legas 20, shi ya sa Legas ta ƙirƙiro wasu 37 nata da har yau tsarin mulki bai san da su ba.

Abu Ammar, Mushin:
Kano ta fi Legas ko sun ƙi ko sun so. An cire Jigawa daga cikinta a 1991 kuma ta sake fin su.

Abban Sadik, Agege:
Abu Ammar ka taɓa tsayawa a gadar Oshodi ƙarfe shida na yamma kuwa? Ni Bakano ne amma a bar maganar nan.

Admin:
Jama'a a tsaya kan maudu'i. Kano da Legas an yi wannan faɗan a gidan nan ba sau ɗaya ba, ba a tashi da komai ba.

Mai Shayi, Apapa:
Admin afuwa, tambaya ɗaya. In an tashi ƙidayar, ni a ina za a ƙirga ni? Ina Apapa wata goma, ina Illela wata biyu, mata da yara suna can.

Malam Tica, Ojo:
Inda aka same ka a ranakun ƙidayar. In kana Apapa kai ɗan Legas ne a takarda, su Hajiya kuma a rubuta su a Sakkwato. Shi ya sa duk lokacin ƙidaya za ka ga tashar mota ta cika, kowa na gudu garinsu, Inyamurai su yi gabas mu mu yi arewa. Sai a gama a dawo, a ci gaba da shan ruwan Legas da hawa motocinta, ita kuma an rubuta mata rabin mutanenta.

Mai Shayi, Apapa:
To ai ni ma gida zan tafi Malam. Hakiminmu ba zai yafe mini ba.

Ɗan Zamfara, Alaba Rago:
Kai da ke da gidan zuwa ke nan. Mu ƙauyenmu ba kowa, sai dai su same ni a Alaba Rago, in sun yarda su shigo lungun.